Nana Asma'u 'Yar Shehu: Rayuwarta da Tsarin Koyarwarta

Gabatarwa

Duk lokacin da ake lissafa malaman da Daular Sakkwato ta yi tinƙaho da su, bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, sunan da yakan biyo baya shi ne na Nana Asma'u. Yawancin ɗaliban Hausa sun fi saninta ta fuskar waƙa, domin kuwa tana cikin sahun farko na waɗanda suka rubuta waƙoƙin Hausa da ajami. To amma wanda ya tsaya ga karin waƙoƙin da amsa-amonsu kaɗai, ya ga rabin aikinta ne. Waƙoƙin nan darussa ne da aka tsara da gangan, kowace da irin mutanen da aka nufa da ita, da halin da ake so ta gyara, da kuma wadda za ta ɗauke ta ta kai ƙauye. Asma'u malama ce da ta auna ilmi da abin da ɗalibi yake aikatawa bayan ya tashi daga gaban malami. Ta wannan fuska ce za a dubi tarihinta a nan.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Asma'u a Ɗagel cikin shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon sunan da aka saba raɗa wa 'yar tagwaye, sai Shehu ya sa mata Asma'u, sunan da ke tuna wa mutum 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Ta buɗe ido a gidan da karatun mata ba baƙon abu ba ne. Yayarta Hadiza malama ce sananniya, haka kuma wasu daga cikin matan Shehu. Shi kansa Shehu, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci.

Karatun da ta fara da shi, shi ne na allo, kuma yana da kyau mai karatu ya lura da ƙa'idarsa, don ita ce tushen abin da ta gina daga baya. Yaro yakan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa kalmomi. Ana rubuta masa ɗan abin da zai iya ɗauka, malam ya biya masa, shi kuma ya yi ta maimaitawa. Ba a wanke allo sai ya kawo karatun nan daidai a gaban malam; in ya yi kuskure a gyara masa nan take, ya koma ya sake. Babu ruwan wannan tsari da yawan watannin da yaro ya yi a makaranta. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ya wuce da wuri, mai nauyin fahimta ya daɗe, amma dukkansu sai sun iya kafin su ci gaba. Bayan saukar Alƙur'ani, Asma'u ta shiga littattafan tauhidi da fiƙihu da hadisi da sufanci bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta naƙalci Larabci da Fillanci da Hausa har ta yi rubutu da kowanensu, tana kuma jin harshen Buzaye.

Hijira da aure

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a cikin 1804. Ta ga nasarar Tabkin Kwatto, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa da Alwasa, inda Jama'a ta yi asarar malamai da mahaddata masu yawa. Ta sha yunwa da doguwar tafiya tare da sauran mata da yara, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. A cikin waɗannan shekaru ne aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirinsa bayan rasuwar Shehu a 1817. A gidan wannan Waziri ne Baturen nan Clapperton ya samu masauki da kulawa da ya zo Sakkwato a 1824.

Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820. Tun a cikinsa an ga inda hankalinta ya karkata, domin ya ƙunshi bayanin halayen da ke kai mutum ga tsira da waɗanda ke kange shi. Ta kuma sa hannu wajen tattarawa da adana rubuce-rubucen mahaifinta. A wajen 1831 ta mayar da wata waƙar Shehu daga Fillanci zuwa Hausa, watau Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa a kan haƙƙin da ke kan kowa. Ƙanenta Isa, wanda aka sani da Isan Kware, ya yi mata tahamisi daga baya.

Wurno da matsalar da ta taso

A ƙarshen shekarun 1820 Sarkin Musulmi Bello ya gina ribaɗin Wurno a kwarin gulbin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato, don ya tare hanyar da Gobirawa ke biyowa. Ya mayar da shi mazauninsa, kuma da yake Waziri ba ya nisa da Sarki, sai rayuwar gidan Giɗaɗo ta kasu tsakanin Sakkwato da Wurno. Manufar Bello game da ribaɗi ta wuce ta tsaro. Yana so makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, su koyi sana'a, 'ya'yansu su yi karatu. Saboda haka ƙasar da a yau ta ƙunshi Wurno da Rabah da Goronyo ta cika da mutane iri-iri: Fulanin da suka bar yawon kiwo, da Hausawan karkara, da bayin da yaƙi ya kawo.

Yawan waɗannan bayi ya daɗa ƙaruwa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Matan da aka kawo sun zo da abin da suka tashi a ciki, musamman bori. A Gobir kuwa bori yana da shugabanci mai ƙarfi a hannun Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce. Matar da ɗanta ke ciwo, ko naƙuda ta yi mata tsanani, ko kishiya ta dame ta, ta san ƙofar da za ta buga. Waɗannan mata su ne suka shiga gidajen Jama'a, su ne kuma za su goyi 'ya'yan da za su gaji daular. Ashe ke nan abin da aka samu da takobi yana iya zubewa a tsakar gida cikin tsara ɗaya tak.

Doka ba ta isa ta magance wannan ba, wa'azin masallaci kuwa ba ya kai wa ga matar da ke cikin kulle a ƙauye, wadda ba ta jin Larabci, ba ta jin Fillanci, ba ta kuma san baƙi ba. Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Aikin da Asma'u ta sa gaba shi ne ta nuna cewa hali ma abin koyo ne, in an san yadda za a koyar da shi. Ba ta daɗe da soma wannan aiki ba Bello ya rasu a Wurno cikin Oktoba 1837, a can kuma kabarinsa yake. Daga nan nauyin ya ƙara komawa kanta.

Tsarin 'Yan Taru

Tsarin da ta kafa a wajen wannan lokaci shi ne aka sani da 'Yan Taru. Idan aka dubi waƙoƙinta tare da yadda ake tafiyar da ƙungiyar, za a ga dabaru guda shida da suka riƙe shi.

Ta farko ita ce fayyace abin da ake so ɗaliba ta iya. Waƙoƙinta na koyarwa, irin su Godaben Gaskiya ta 1842 da Wa'azu ta 1856, ba su tsaya ga cewa a zama na kirki ba. Sun zayyana ayyukan ɗaya bayan ɗaya: kalmar shahada, tsarki, salla, azumi, zakka, ladabin fita neman ilmi, da kuma barin ƙarya da gulma da hassada da cin amana. Kowane daga cikin waɗannan abu ne da maƙwabciya za ta iya gani ko ta ji, ta shaida an yi ko ba a yi ba. An kuma haɗa kowane aiki da sakamakonsa, na ni'ima ko na azaba, yadda mai sauraro ba zai manta ba.

Ta biyu ita ce gutsuttsura darasi daidai bakin mai ci. Misali mafi kyau shi ne waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani, wadda ta tattara surori 114 cikin baiti 30 kacal. Matar da ta haddace ta ta samu taswirar Littafin gaba ɗaya tun kafin ta iya karanta shi. Ta yi wannan waƙa da Fillanci a wajen 1829, ta fito da Hausa a wajen 1838, sa'an nan da Larabci a wajen 1850. Wannan ya nuna cewa darasi ɗaya ne take juya shi gwargwadon kunnen da zai saurara. Baiti kuma, saboda karinsa da amsa-amonsa, yana tsare kansa: in aka yar da kalma, kunne zai ji gurguncewar. Har wa yau ana iya rera shi a bakin turmi ko dutsen niƙa ko wajen kaɗi, watau maimaitawa ba ta bukatar mace ta ajiye aikin gidanta.

Ta uku ita ce kafa abin koyi. A 1836 Bello ya rubuta Kitabun Nasihati a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fillanci, sa'an nan da Hausa a 1837, watau Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta kawo matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa mata, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya da Nafisa, tana ambaton halin da kowace ta shahara da shi. Bayan haka sai ta ƙara da matan ƙasarta, waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu. Hikimar wannan ƙari a fili take, domin abin da mutuniyar Basra ta yi yana iya zama kamar almara, amma abin da matar Ɗagel ta yi kowa na iya gwadawa. Ko a waƙoƙin da ta yi wa Bello bayan rasuwarsa, halayensa ta fi lissafawa, irin su adalci da kyauta da taimakon raunana, fiye da garuruwan da ya ci.

Ta huɗu ita ce musanya. Asma'u ta gane cewa ba a raba mutum da abin da ya dogara da shi a bar shi hannu sake. Matar da aka hana ta zuwa wajen 'yan bori, ciwon ɗanta bai warke ba don an hana ta. Saboda haka a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, inda ta tattara abin da aka ruwaito game da neman waraka da kariya da surorin Alƙur'ani, don malamai su samu abin da za su ba masu bukata. Haka kuma ta yi waƙar Roƙon Ruwa da Hausa a 1857, don a samu abin da za a riƙa lokacin fari a madadin tsofaffin al'adu.

Ta biyar, wadda ita ce ƙashin bayan tsarin, ita ce horar da masu koyarwa. Matar aure mai goyo ba ta iya barin gidanta ta yi tafiyar kwana da kwanaki. Don haka waɗanda ke zuwa wurin Asma'u su ne dattijan mata da suka huta da haihuwa, da 'yan matan da ba su yi aure ba. Kowane rukuni yana ƙarƙashin shugaba da ake kira jaji, kalmar da aka aro daga fatake, inda take nufin jagoran ayari. Asma'u ce da kanta ke naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfa kuwa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, ke nan an ɗauki alamar da matan karkara suka saba girmamawa, an ɗora mata sabuwar ma'ana. Wannan naɗi yana matsayin ijaza, shaida ce cewa mai ɗauke da ita ta iya abin da za ta koyar, kuma halinta ya yi daidai da shi.

Ta shida ita ce komowa. Jaji ba ta karɓar malfa ta ɓace. Takan dawo da ayarinta lokaci bayan lokaci, su zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, Asma'u ta rarraba wa mabukata. A nan ne ake sauraron abin da aka haddace, a gyara, a ƙara sabon darasi, a kuma kawo matsalolin ƙauye a nemi fatawa. Can a gida kuwa aikin 'yan taru ya haɗa da koya wa mata salla, da sulhunta masu husuma, da kula da marasa lafiya, da wankan gawar mace bisa sunna. Waɗannan ayyuka su ne jarrabawar, jama'ar ƙauye kuma su ne shaidu. Da ɗaya daga cikin jajojinta mai suna Hauwa'u ta rasu, a wajen 1858, Asma'u ta yi mata waƙar alhini, ta yaba mata da yawan zirga-zirgar da take yi da ɗalibanta. 'Yar Shehu, matar Waziri, uwar Waziri, ta sa sunan wata malamar karkara cikin jerin waɗanda ta yi wa marsiyya tare da sarakuna da manyan malamai.

Kwatanci da ra'ayoyin masana na wasu ƙasashe

Ɗalibin da ya karanci fannin koyarwa zai ga kamanni tsakanin wannan tsari da wasu da suka fito a ƙasashen Turawa, ko da yake kowane da tushensa dabam. A Ingila, tun daga 1798, Joseph Lancaster ya yi amfani da manyan ɗalibai su koyar da ƙanana don malami ɗaya ya wadaci yara masu yawa. A Amurka, cikin shekarun 1950, B. F. Skinner ya yi kira da a rarraba darasi zuwa ƙananan matakai, ɗalibi ya riƙa ba da amsa a kowane mataki, a kuma sanar da shi nan take ko ya dace. A 1962 Robert Mager ya nace cewa manufar darasi dole ta faɗi abin da ɗalibi zai aikata wanda ido zai gani. A 1968 kuma Benjamin Bloom ya kawo hujjar cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙwarewa a kan darasi muddin an ba su isasshen lokaci da gyara, kuma kada a wuce mataki sai an naƙalce shi. Wanda ya taɓa riƙe allo ba zai ji wannan magana baƙuwa ba.

Sai dai akwai bambanci babba. Mazhabar Skinner ta gina bayaninta ne a kan aikin da ke fili da sakamakon da ke biyo bayansa. Asma'u kuwa sufiya ce, a wurinta aiki ba ya da daraja sai da niyya, kuma riya tana ɓata shi komai kyansa a ido. Ta horar da gaɓoɓi ne don zuciya ta bi, sakamakon da take kwaɗaitarwa da shi kuma ba na nan take ba ne, na Lahira ne. Har ila yau dole a faɗi cewa tsarinta ya fi ƙarfi wajen hadda da aiki da tarbiyya. Zurfafa cikin littattafai ya ci gaba da zama rabon 'yan kaɗan, galibi matan gidajen malamai. Amma in aka tuna da irin ɗaliban da take da su, da nisan ƙauyukansu, da rashin takarda da zaman ɗar-ɗar na yaƙi, za a ga ta zaɓi abin da zai yiwu ne, ta kuma kyautata shi.

Ƙarshen rayuwarta

Bayan rasuwar Bello, Giɗaɗo ya ajiye aikin mulki ya koma ga rubuta tarihin Shehu da na Bello, ita ma ta yi nata da waƙa. Ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya kuma mayar da Wurno mazauninsa kamar mahaifinsa. Sunan Asma'u ya kai nesa, har ta yi musayar waƙa da wani malami ɗan ƙasar Shingiɗi da ya biyo ta Sakkwato. Ta ga rasuwar mijinta da ta aminiyarta A'isha matar Bello, ta yi musu marsiyya, amma ba ta daina rubutu da koyarwa ba har tsufanta. Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ayyukanta da suka tsira sun kai wajen 60.

Tsarin bai mutu da mutuwarta ba. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi jagorancin 'yan taru, bayanta kuma wasu matan zuriyar Shehu suka ɗora, aikin ya ratsa zuwan Turawa a 1903 ya shiga ƙarni na ashirin. Waziri Junaidu, wanda yake daga zuriyarta, ya adana rubuce-rubucenta, kuma da taimakonsa ne Jean Boyd ta fitar da tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997.

Kammalawa

A taƙaice, Nana Asma'u ta tarar da ɗalibai da ba su da allo, ba su da lokaci, ba su kuma da damar zuwa makaranta. Ta fayyace abin da take so su iya, ta yanka shi gwargwadon ƙarfinsu, ta sa shi cikin harshensu, ta nuna musu waɗanda suka riga su aikata shi, ta horar da waɗanda za su kai musu, ta kuma buɗe hanyar da za a riƙa komowa ana gyara. Malamin yau da ke alfahari da cewa ya gama manhaja kafin ƙarshen zango, yana da tambayar da zai ɗauka daga tarihinta, watau mene ne ɗalibansa suka iya yi yanzu wanda da ba su iya ba. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta, amin.